Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Maganganun Filin Wasa da Suka Tsufa a Bakinmu

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban wannan makaranta, wanda yake aikin gwamnati a Gusau, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Janbako.)



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu sarakuna da wakilansu, shugaban makaranta, malamanmu da suka yi ɗawainiya da mu, shugabannin ƙungiya, yayyena da abokan karatuna, ƙannenmu ɗalibai, da sauran manyan baƙi, ina yi muku barka da zuwa. Gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka taso daga Talata Mafara da Bakura da Maradun da Gusau da Sakkwato, duk da halin da hanyoyinmu suke ciki. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.

Ranar da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce ni zan yi jawabi bana, na tambaye shi a kan me zan yi magana. Sai ya ce, "Kai dai ka zaɓa, ƙwallo yana wajenka." Na yi dariya, na ce masa ai ka riga ka zaɓa mini.

Abin da nake so mu duba yau ƙarami ne a ido, amma na daɗe ina lura da ɓarnar da yake yi. Ina nufin maganganun da muka aro daga filin wasa, musamman filin ƙwallon ƙafa, muka yi ta maimaita su har suka goge kamar tsohon kwabon da ba a iya ganin rubutunsa, sa'an nan muka kwashe su muka kai ofis da aji da dandalin siyasa, har da zauren wannan ƙungiya tamu. Abin da na gani shi ne, maganar da ta tsufa a baki tana hutar da mai ita daga yin tunani, kuma tana ba shi wurin fakewa idan aka zo tambayar wane ne ya yi sakaci.

Lokacin da kalmomin suke da rai

Kafin in yi suka, bari in fara da yabo. Ƙwallon ƙafa, ko tamaula kamar yadda iyayenmu ke cewa, baƙo ne a ƙasar Hausa. Zamanin Turawa da makarantun boko suka kawo shi. Amma Bahaushe bai bar shi da harshen da ya zo da shi ba. Tsakanin 'yan kallo da ma'aikatan gidajen rediyo, irin su Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki a 1957, da Rediyon Kaduna da ya fara a 1962, da Rima Rediyo ta Sakkwato, an ɗinka wa wasan riga daidai jikinsa. Ku dubi "satar gida". Ku dubi "bugun daga kai sai mai tsaron gida", wanda ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin fili ba ta ji shi ta gane halin da ake ciki. Ku dubi "kunnen doki", domin kuwa kunnuwan doki babu wanda ya fi wani tsawo. Ku dubi "ci ɗaya mai ban haushi". Wanda ya fara furta kowace ɗaya daga cikin waɗannan ya kalli abin da idonsa, ya yi tunani, sa'an nan ya buɗe baki.

Ina ɗan shekara takwas a 1996, shekarar da Nijeriya ta ciwo lambar zinariya a gasar Olamfik ta Atlanta, da 'yan Arewa irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida a cikin 'yan wasan, kuma shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba. A 'yar rediyon mahaifina mai batir na fara jin waɗannan kalmomi, kuma ban taɓa jin Hausa mai daɗinsu ba a lokacin. Saboda haka kada wani ya fita daga nan ya ce na zagi ƙwallo ko masu sharhinsa. Kukana a kan mu ne, mu da muka gaji maganar ba mu gaji tunanin da ya haife ta ba.

Na kasa maganganun kashi biyar.

Kashi na farko: kalmomin kumbura

Ku saurari yadda ake ba da labarin wasa a gidajen kallo na Mafara ko a majalisar unguwa. Babu ƙungiyar da ke cin wata kawai a wuce wurin. Sai dai ta lallasa ta, ta ragargaje ta, ta yi mata dukan kawo wuƙa, ta yi kaca-kaca da ita. Ka tambaya nawa da nawa aka tashi, a ce maka ɗaya da nema, shi ma a bugun fanareti. To, idan ci ɗaya lallasawa ne, me za mu kira abin da Jamus ta yi wa Burazil ranar 8 ga Yuli 2014, da ta zura mata 7 da 1 a gaban mutanenta, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya?

Ga wani misali na gida. A watan Yuli na 2013, a Bauchi, ana neman gurbin hawa mataki na gaba, ƙungiyar Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, ita kuma Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, duk a rana ɗaya. Wanda bakinsa ya saba da "lallasa" zai ce nan ma an lallasa, ya wuce. Alhali abin da ya faru sunansa haɗin baki, kuma a kan haka hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'ansu harkar ƙwallo har abada. Kun ga yadda kalmar da aka saba da ita take iya rufe wa mutum ido ga abin da yake gabansa.

Kalma kamar kuɗi take: idan ta yi yawa a kasuwa, darajarta ta faɗi. A ofis ina ganin haka kullum. Duk rijiyar burtsatsen da aka gina "gagarumin aiki" ce, duk jami'in da ya sa hannu a takarda "gwarzo" ne, duk wanda ya ba da gudummawa a taro "zakaran gwajin dafi" ne. Ranar da za mu karrama malamin da ya yi shekara talatin yana cin ƙurar alli a ƙauye, sai mu laluba mu ga babu sauran kalmar da ba mu ɓatar a kan wani ba.

Kashi na biyu: kalmomin fakewa

Waɗannan kowa ya san su. "Alƙalin wasa ne ya cuce mu." "Mun fi su taka leda, sa'a ce ba mu yi ba." "Asiri suka binne a raga." "Za mu koma mu sake shiri."

Abokan ajina da ke zaune a nan za su tuna wani wasa da muka je muka yi da wata makaranta ta maƙwabta, muna aji biyar, aka ci mu uku da ɗaya. A bayan mota muka shirya abin da za mu faɗa, kowa ya haddace: alƙali ɗan garinsu ne. Malaminmu na wasanni, Allah ya jiƙansa, ya saurare mu har muka gama. Sai ya ce, "Na ji. Gobe kowa ya kawo mini takarda, ya rubuta yadda kowane ƙwallo ya shiga, da inda shi yake tsaye lokacin da ya shiga." Da muka zauna rubutu sai magana ta canza. Na farko, mai tsaron bayanmu ya tsaya ɗaure takalmi. Na biyu, mun gaji, domin rabinmu ba ma fitowa gudun asuba. Na uku ni ne na ba da ƙwallo baya ban duba ba. Babu takarda ko ɗaya da sunan alƙali ya fito a cikinta. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Kada ku ce wannan halin yara ne. Ranar 29 ga Maris 2022, Nijeriya ta yi 1 da 1 da Gana a Abuja, ta rasa zuwa gasar kofin duniya ta Ƙatar, 'yan kallo suka afka cikin fili suka farfasa kayan da ba su yi musu laifin komai ba. Ranar 16 ga Nuwamba 2025, a Rabat ta ƙasar Maroko, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu a bugun fanareti daga neman gurbin gasar 2026. Bayan wasan, mai horar da 'yan wasanmu, Eric Chelle, ya gaya wa 'yan jarida cewa wani daga ɓangaren Kwango yana ta yin tsafi lokacin bugun. Nan take maganar ta zagaye ƙasa, domin ta yi daidai da abin da kunnenmu yake so. Amma da za a ba mu takarda irin ta malaminmu, da mun rubuta cewa a wasanni huɗu na farko na neman gurbin ba mu ci ko ɗaya ba: mun yi kunnen doki da Lesoto da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, Benin kuma ta ci mu 2 da 1, wato maki 3 cikin 12. Da mun rubuta kuma cewa a cikin makon nan na Rabat 'yan wasan sun ƙi fita atisaye na rana ɗaya saboda kuɗaɗensu da ba a biya ba. Wanne boka ne ya yi waɗannan?

Mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna, sa'an nan a yi tawakkali. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya ce "malamin ne ba ya so na", da ma'aikacin da fayil ya yi wata uku a teburinsa ya ce "ƙwallo yana wajen ofishin kuɗi", duk ɗaya suke da mu a bayan motar nan. Ita wannan magana ta "ƙwallo yana wajenka" ma fassara ce daga Turanci, asalinta wasan tanis, wasan da yawancinmu ba mu taɓa riƙe sandarsa ba. A ofis ma'anarta ɗaya ce: na ture aikin daga gabana, kada a sake tambayata.

Kashi na uku: "sai an hura usur"

Wannan ita ce ta fi kowace daɗin ji. Wasa bai ƙare ba sai an hura usur, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kuma muna da hujja. A 1989, ina goye, a birnin Dammam na Saudiyya, Tarayyar Sobiyet ta zura wa matasanmu 'yan ƙasa da shekara 20 ƙwallo 4 da nema, suka farke duka huɗun cikin rabin sa'a na ƙarshe, suka yi nasara a bugun fanareti. A 1996 Burazil tana gaba da 3 da 1 har saura kamar minti 12 a tashi, Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, ya kuma ci na huɗu a ƙarin lokaci. Wanda ya ga waɗannan dole ya yarda cewa ba a fid da rai.

Sai dai akwai abin da ba mu so mu tuna. Dalilin da ya sa har yau ake labarin Dammam, bayan fiye da shekara talatin da biyar, shi ne abin ba ya cika faruwa. Ƙungiyoyin da aka ci huɗu da nema suka tashi a haka ba su ƙirguwa, kuma babu mai ba da labarinsu. Haka nan usur ɗin da muke jira yana iya hurawa a kanmu. A gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka, muna gaban Italiya da ci ɗaya, an ma kori ɗan wasansu guda, saura minti 2 a tashi Roberto Baggio ya farke, ya sake ci a ƙarin lokaci, muka tattaro kayanmu.

Ƙannena ɗalibai, da ku nake a nan. Na sha jin ɗalibi ya kai zangon ƙarshe bai buɗe littafin lissafi ba, an yi masa faɗa ya ce, "Yaya, sai an hura usur." Jarrabawar WAEC da ta NECO ba su da ƙarin lokaci, ba su da bugun fanareti, kuma babu Kanun da zai shigo ya amsa maka tambaya ta ƙarshe. Mu 'ya'yan manoma ne. Muna zaune kusa da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala tun 1978, kuma kowa a cikinmu ya ga yadda ake noman shinkafa. Akwai wanda ya taɓa ganin manomin da bai yi dashe a kan lokaci ba, ranar yanka ya tsaya bakin gona yana jiran abin al'ajabi a minti na 90? Misalin da yake daidai da karatu yana bayan gidanmu, muka bar shi muka je muka aro na Atlanta.

Kashi na huɗu: siyasa a bakin ɗan kallo

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba ni da jam'iyya, kuma ba zan yi wa kowa kamfe ba. Harshe kawai nake dubawa. Idan zaɓe ya matso sai ka ji "za mu ba shi jan kati", "mun zura musu ƙwallo a raga", "an ajiye wane a benci", "wane ya ci gida".

Shi jan kati yana da tarihi. A gasar kofin duniya ta 1966 a Ingila, wani alƙali Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín, shi kuwa ya daɗe a fili ya ƙi fita, ga shi ba su jin harshen juna. Daga nan wani alƙali ɗan Ingila, Ken Aston, ya kawo shawarar kati mai ruwan ɗorawa da ja, bisa kwaikwayon fitilar ba da hannu ta kan titi, aka fara aiki da su a gasar 1970 a Meziko. Wato an ƙirƙiro kati ne domin magana ta fito fili. Kuma alƙali ba ya ɗaga shi sai a kan laifin da doka ta ambata, sa'an nan ya rubuta laifin a rahotonsa. Mu kuwa mun ɗauki katin mun bar rahoton. Ka tambayi matashi me wane ya yi da za a ba shi jan kati, ko me ɗan takararsa ya yi alkawari a kan makaranta da asibiti, sai ya ce maka, "Mu dai namu ne."

Dukanmu shaida ne a kan abin da ya faru a jihar nan a 2019. Ranar 24 ga Mayu, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa jam'iyyar APC ba ta gudanar da halattaccen zaɓen fid da gwani a Zamfara ba, saboda haka ƙuri'un da aka jefa mata ba su da amfani, Bello Matawalle na PDP, mutumin Maradun, ya zama gwamna. A majalisun da na zauna a makon nan, wasu na cewa an ci gida, wasu na cewa an ci wasa a tebur. Kaɗan ne na ji sun tsaya suna tambaya: mene ne zaɓen fid da gwani, me doka ta ce a kansa, kuma me ya kamata mai ƙuri'a ya nema daga jam'iyyarsa tun kafin ranar zaɓe? Darasi babba ya zo har ƙofar gida, muka mai da shi sharhin wasa.

Haɗarin da ke ciki shi ne wannan. Ɗan kallo idan an tashi wasa gida yake komawa, ko ƙungiyarsa ta ci ko an ci ta, tuwon darensa bai canza ba. Mai ƙuri'a kuwa ranar da aka faɗi sakamako ne aikinsa yake farawa, domin shi zai bi hanyar, shi zai kai ɗansa makarantar, shi zai kwana a asibitin. Duk wanda ya saba kiran zaɓe wasa, a hankali zai mai da kansa ɗan kallo a harkar da ta shafi rayuwarsa.

Kashi na biyar: harshen yaƙi

Wannan shi ne ya fi yi mini nauyi a baki. Muna kiran wasan minti 90 gumurzu, muna cewa ko a mutu ko a yi rai, an yi kare jini biri jini, wane ya kai hari, wane ya harba. A wani wurin wataƙila ba komai ba ne. Amma mu mun san abin da ake kira hari. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandare ta Jangebe, a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka kwashe wasu ɗalibai daga makarantar Kaya, a Ƙaramar Hukumar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantu. Waɗannan ƙannenmu ne da 'ya'yanmu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne aron ya fara komawa ta ɗaya hannun. Na ji da kunnena ana ba da labarin wani hari kamar ana faɗin sakamakon wasa, mutum nawa daga wannan ɓangare, nawa daga wancan, har wani ya ce ai an yi canjaras. Jama'a, rai ba maki ba ne. Kowane ɗaya daga cikin lissafin nan yana da suna, yana da uwa, yana da gonar da ba a nome ba bana. Ina roƙonmu mu bar wa fili kalmominsa, mu bar wa makoki nasa.

Darasi daga filin dambe

Wani zai ce ai dambenmu na gargajiya ma yana da "kisa". Gaskiya ne. Amma ku lura, kisa a dambe yana da ma'auni: hannu ko gwiwa ko jiki ya taɓa ƙasa, shi ke nan, kowa ya gani. In an yi turmi uku babu wanda ya kai ƙasa, a raba su, a ce babu kisa. Ba a cewa wane ya lallasa wane alhali dukansu suna tsaye, kuma wanda ya faɗi gaban jama'a ba shi da bakin cewa sa'a ce bai yi ba. Tun zamanin da rundawa ke yawon dambe bayan kaka haka abin yake. Sa'an nan duk wanda ya saurari waƙar da marigayi Ɗan Anace ya yi wa Shago ya san kirarin da ke cikinta an yanka shi ne daidai jikin mutum ɗaya. Ka ɗauke shi ka yafa wa wani, ba zai zauna ba. Wannan shi ne bambancin maganar da aka yi domin abin da ke gaba da wadda aka ciro daga aljihu domin kowa da kowa.

Nawa laifin

Tun da na taka tudun wasu, bari in sauko in nuna nawa. Shekara biyu da suka wuce wannan ƙungiya ta sa ni cikin kwamitin gyaran rufin ajujuwan da iska ta yaye. Ni ne na rubuta rahoton da aka karanta a taron bara. Na ce kwamiti ya taka rawar gani, sai dai sa'a ba ta kasance tare da mu ba, za mu koma mu sake shiri, kuma yanzu ƙwallo yana wajen uwar ƙungiya. Kun tafa mini. Ni ma na ji daɗin tafin.

Ga abin da ya kamata in rubuta. Sau biyu kawai muka zauna, kuma ɗaya ban je ba. Jerin sunayen waɗanda suka yi alkawarin gudummawa yana hannuna, ban bi su ba sai da aka yi wata huɗu. Kafin mu je tambayar kuɗin kwano da katako, farashi ya tashi, abin da muka tara ya kasa. Damina ta sauka, ƙannenmu suka yi karatu suna jan benci daga inda ke yoyo. Babu alƙalin da ya cuce mu, babu asirin da aka binne. Kalmomin aro na yafa domin in rufe sakacina, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ina neman afuwar ƙungiya, ina kuma neman afuwarku, ƙannena.

Shawara da kammalawa

Ba na cewa a daina misali da wasa. Wasa yana koyar da haƙuri da haɗin kai da bin doka, kuma misali gishirin magana ne. Abin da nake roƙo shi ne, kafin maganar ta fita, mutum ya tambayi kansa: idan na cire wannan kalma na faɗi abin a fili, me zai rage? In abin da ya rage gaskiya ce mai ɗaci, to ita ya kamata a faɗa.

Ga uwar ƙungiya, shawarata ita ce daga bana duk kwamitin da zai kawo rahoto ya amsa tambaya biyar: me aka ce a yi, me aka yi, nawa aka kashe, wa ya rage bai yi nasa ba, kuma yaushe za a gama. Ni zan fara. Kafin a tashi daga wannan taro zan miƙa wa ma'aji jerin alkawuran da ke hannuna, a sa mana rana, a kuma karanta sakamakon a taron baɗi ko da sunana ne zai fito a cikin masu sakaci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga ƙannena ɗalibai kuma, ga aiki irin na malaminmu. Idan an yi gasar wasanni ta gidaje a zango mai zuwa, kowa ya rubuta labarin wasa ɗaya cikin shafi guda, da Hausa, ba tare da "lallasa" ko "gumurzu" ko "sa'a" ko laifin alƙali ba. Ka faɗi wanda ya ba da ƙwallo, da wanda ya karɓa, da inda mai tsaron gida yake tsaye. Malamin Hausa ya zaɓi guda uku da suka fi, ni zan saya musu littattafai daga aljihuna, kuma ina roƙon editan mujallarmu ya buga na ɗaya a fitowa ta gaba. Za ku ga aikin yana da wuya a farko, domin dole ku kalli wasan da idonku. Wanda ya iya wannan a filin makaranta, gobe zai iya rubuta rahoton gaskiya a ofis.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne, ku yafe mini. Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, ya ba ƙannenmu ilimi mai amfani, ya kawo mana zaman lafiya a Janbako da jiharmu da ƙasa baki ɗaya.